Sandar da Aka Ƙera Don Hannun Hagu

Ranar wata Asabar ce cikin watan Afrilun 1979, ana tsakiyar zafin bazara, Baba ya sauko daga motar Malumfashi riƙe da wani dogon abu naɗe cikin buhun auduga. Ina zaune a ƙofar gida ina taya Yaya Saratu ɓarar ɗorawa, hannayenmu duk sun yi rawaya. Baba direba ne a wani kamfanin gurzar auduga a Funtuwa, sai ƙarshen wata yake zuwa ƙauyenmu da ke gefen Kafur, don haka muka bi shi ciki da gudu. Ya kwance buhun a tsakar gida, sai ga wata siririyar sanda ta ƙarfe, kanta a karkace kamar ƙafar agwagwa, fatar mariƙinta ta fara ɓarewa. Ya ce Baturen da yake tuƙawa ne ya koma ƙasarsu, ya kwashe sandunan wasansa ya bar wannan. Akawunan ofis sun gwada ta ɗaya bayan ɗaya ta ƙi su, saboda mutumin bahago ne, sandar ma ta bahago ce. Baba ya kawo ta ne don Inna ta riƙa kashe macizai a akurkin kaji. Na ɗauke ta, na ga ƙwallon goruba a ƙasa kusa da turmi, na gyara tsayuwa na kai masa bugu. Ya tashi ya tsallake rumbun dawa, ya faɗa garkar maƙwabta. Baba ya fashe da dariya, sannan ya dubi Inna, dariyar ta tsaya.

Wannan kallon yana da dalili. Ni bahago aka haife ni, kuma a garinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da mu Kirista, da Musulmi, da Maguzawan da ke tungayen hayin rafi, kowa da hanyar bautarsa, amma a kan maganar hannu bakinmu ɗaya: da dama ake ci, da dama ake bayarwa, da dama ake karɓa, hagu kuwa aikinsa na bayan gida ne. Tun ina rarrafe Inna ta fara fama da hannuna. Idan an zauna cin tuwo sai ta naɗe min hagun da tsumma ta ɗaure shi a ƙuguna. Da na shiga makarantar mishan, malaminmu ya ɗora daga inda ta tsaya, da gefen rula a kan gaɓoɓin yatsu. A wajen gayya yara ba sa son tsayawa kusa da ni, domin fartanyata karo take yi da tasu. Kafin in cika shekara goma sha ɗaya an yi nasara. Ina rubutu da dama, mummuna ne amma yana karantuwa, ina ci da dama, har yara sun fara mance sunan Bahago suna kirana Yohanna. Inna tana ganin wannan ne babban aikin da ta yi a kaina, kuma da gaskiyarta, ta sha wahala.

Wasan da ake yi da sandar shi ne golf, wanda daga baya na ji ana kiransa ƙwallon lambu a rediyo. Baba bai taɓa buga shi ba. Abin da ya sani daga inuwar mota ya gano shi, yana jiran maigidansa. "Ka dai tura ƙwallo cikin rami da bugu kaɗan, shi ke nan," in ji shi, "amma na ga manyan mutane suna zagin kansu a kai." Ya zaro wasu 'yan ƙwallaye farare daga aljihu, masu ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu, duk sun sha sara. Washegari bayan an tashi daga sujada na nufi burtali, hanyar shanun da ta ratsa tsakanin gonakinmu, inda dabbobi suka cinye ciyawa ta kwanta kamar tabarma. Na haƙa rami na binne gwangwanin madara, na kafa kara a ciki na ɗaura masa tsumma. Daga ranar, duk safiya sai in yi sauri in share garken awaki, in ɗebo ruwa, in lallaɓa burtali kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta. Ban gaya wa Inna ba, ita ma ba ta tambaya ba, ko da yake a bayan ɗakinta nake jingine sandar.

Nan na gane cewa bugun farko sa'a ce kawai. Na yi makonni ina kai bugu ina samun saman ƙwallon, sai ya bi ƙasa da gudu kamar gafiya. Wani lokaci in tono ƙasa, zafin ya hau hannu har kafaɗa. Wani lokaci kuma in wuce shi gaba ɗaya, in juya kamar katantanwa, 'yan Fulanin da ke kora shanu su riƙe ciki suna cewa, "Bahago, macijin ya mutu tun jiya, ka bar shi haka!" Idan ma ya tashi sama, sai ya yi kamar zai miƙe, can ya lanƙwasa hagu ya faɗa shingen aguwa. Garin neman ƙwallo a cikin shingen nan ruwan aguwa ya shiga idona, na kwana biyu ina gani dishi-dishi, ƙwallon ma ban same shi ba. Daga nan na koma buga goruba, ƙwallayen gaske sai ranar Lahadi. Na ƙirƙiro wa kaina hanyoyin koyo. Nakan tsaya rana tana bayana, in zuba wa inuwar kaina ido, in yi ta wurga sandar har sai inuwar ta daina motsi. Nakan zaɓi tushen ciyawa guda, in yi ta ƙoƙarin share kansa ba tare da na taɓa ƙasa ba. Ci gaban yana zuwa a hankali, yana kuma komawa ba sallama. Abin da na iya ranar Talata sai in neme shi ranar Laraba in rasa. Duk da haka ban taɓa jin gajiya ba. Komai na gidanmu da na makaranta don dama aka yi shi, daga almakashi har lauje. Wannan sandar ce kaɗai ta zo tana neman hannun da nake ɓoyewa.

A hutun damina Baba ya tafi da ni Funtuwa. A bayan gidajen manyan kamfanin akwai wani ɗan fili da Turawa suka share don wannan wasa, kewayen kowane rami an shimfiɗa yashi cakuɗe da baƙin mai. Wani tsoho ne ke kula da wurin, Malam Tanko, yana jan katako a kan yashin don ya daidaita. Baba ya gaishe shi, ya roƙe shi ya duba ni. Na buga, ƙwallon ya lanƙwasa kamar yadda ya saba. Tsohon ya taho ya ɓamɓare yatsuna daga mariƙin. "Kai yaro, wa ya ce ka shaƙe ta? Me ta yi maka? Riƙe ta kamar ɗan tsako." Ya ɗan juya min hannun dama, wanda yake sama, ya dafa ƙuguna ya ce daga nan bugu yake fitowa, hannu rakiya kawai yake yi. Na sake bugawa. Ban ji komai a hannuna ba, sai wani ɗan ƙara mai daɗi, ƙwallon ya tashi ya miƙe sak har ya faɗi kusa da tuta. Malam Tanko ya dubi Baba ya ce, "Direba, tun da nake filin nan bahago biyu na gani, ɗayan ya hau jirgi. Idan an fara awon auduga ka dawo min da wannan." A mota Baba ya ce zai duba yiwuwar in koma makaranta a Funtuwa, in zauna tare da shi.

Na dawo gida na ninka ƙoƙari, ban kuwa lura da abin da ke faruwa da ni ba. Hagun da aka kwantar ya farka. Sai in ga na ɗauki fartanya da shi, na jawo ƙyaure da shi, na miƙa shi cikin akushi kafin in tuna. Hannun dama kuma, da yake shi ne a saman mariƙi, kullum tafinsa cikin bororo yake, ina kaffa-kaffa da shi. Inna ba ta yi faɗa ba. Kalma biyu kawai take faɗa, ko tana tankaɗe ko tana tuƙa tuwo, ba tare da ta ɗago ba: "Yohanna, hannu." Da Baba ya zo na ji tana yi masa magana a ɗaki, shi kuma yana cewa wasan yara ne, zan gaji in bari.

Bayan an yanke dawa a shekarar, mutanen Ayuba, saurayin Yaya Saratu, suka zo daga wajen Ƙarfi don gaisuwar neman aure. Shugaban tafiyar wan mahaifinsa ne, Baba Ɗanjuma, dattijon ikilisiya mai tsanani, wanda ake raɗe-raɗin cewa wata yarinyar ya so wa ɗan nasu. Inna ta kwana biyu tana shiri, an yanka zakaru, an shimfiɗa sabbin tabarmi a zaure. Da safiyar ranar na je burtali kamar kullum, har bororon hannuna ya fashe. Da baƙi suka zauna, aka ba ni ƙwaryar kunun zaƙi in kai. Na shiga da sallama, na durƙusa, na ajiye ta da hannu biyu yadda aka koya min. Sannan na ɗauki moɗa na ɗebo na miƙa wa Baba Ɗanjuma. Bai karɓa ba. Bai ma dube ni ba, moɗar yake kallo. Sai a lokacin na ga hannun da ke riƙe da ita, hagu ne. "Ishaya," ya kira sunan Baba a hankali, "ashe a gidanka da wannan hannun ake shayar da baƙi?" Na yi sauri in mayar da moɗar dama, ta taɓa ciwon, kunun ya zube a gefen babbar rigarsa. Baba ya fara ba da haƙuri, dattijon ya ɗaga hannu ya ce, "Bar shi, na ƙoshi." Ba su taɓa abincin ba. Suka ce za su aiko.

Babu wanda ya doke ni, kuma da dukan aka yi da ya fi min sauƙi. Inna ta kwashe kwanukan nan cike kamar yadda aka kai su, ta rarraba wa maƙwabta, kowa kuwa ya san dalilin rabon. A bakin rijiya mata suka riƙa cewa idan namijin gidan bai san hannu ba, wa ya san abin da aka koya wa macen. Yaya Saratu, wadda ta goya ni, ta daina yi min magana, sai rana ɗaya da na kawo mata itace ta ce, "Ajiye can. Ka je ka auri sandarka." Aka yi Kirsimeti ba saƙo. Baba da fastonmu suka yi ta zirga-zirga zuwa Ƙarfi, Baba yana rasa ranakun aiki. Kowa ya san dattijon dalili yake nema, amma ni na miƙa masa. Sai bayan wata kakar aka ɗaura auren, shi ma don Ayuba ya kafe. Maganar komawata Funtuwa kuwa ba a sake tayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba.

Tun kafin nan, wata ranar kasuwa, Inna ta kira ni ta ce in ɗauko mata sandar da kaina. Na ɗauko na miƙa mata da hannu biyu. Ta saɓa ta a kafaɗa a gaban kowa, ta nufi maƙerar Nomau, wani Bamaguje da ke yi mana fartanyu. Na bi burtali na tone gwangwanin madarar, na cike ramin. Bayan 'yan kwanaki ta dawo da abu biyu. Dogon ƙarfen ya zama abin tona wuta, ta jingine shi a gefen murhu. Kan sandar kuma Nomau ya buge shi ya zama ɗan ƙaramin lauje, ta miƙo min ta ce awaki na jira. Na je bakin fadama na kama ciyawa, na ja da dama, laujen ya zame bai yanka ba. Na sake ja, haka. Na duba bakinsa da kyau, sai na ga ta ɗaya gefen aka wasa shi. Na mayar da shi hagu, ciyawa ta zube kamar ana aske ta. Da na dawo da dami a kai, Inna tana bakin murhu tana tona wuta da ragowar sandata. Ba ta juyo ba ta ce, "Ni na ce ya yi shi haka. A gona kawai, ka ji ko? Ban da gaban mutane."

Yanzu burtalin nan an nome shi, an shuka masara har bakin hanya. Filin Funtuwa gidaje ne. Jikata tana cin abinci da hagu a gaban baƙi, babu mai ɗaga kai, malamarta ma cewa ta yi alamar basira ce. Bayan na bar aiki wani aboki ya kai ni filin golf a birni, aka kawo min jaka cike da sandunan bahago, sababbi fil. Na tsaya rana tana bayana, na riƙe mariƙin kamar ɗan tsako. Na gwada da hagu, ƙwallon ya bi ƙasa kamar gafiya. Na karɓi sandar masu dama na gwada, na tono ƙasa. Yaron da ke ɗaukar jakar ya tambaye ni cikin ladabi, "Baba, wai da wane hannu kake bugawa ne?" Na buɗe tafukan hannuna biyu ina kallonsu. Laujen yana nan a ɗakina, bakinsa ya cinye saura kaɗan. Shi kaɗai ya rage da ya san hannuna.