Wurin Yesu a Bencin Tasha

Wata tsohuwa tana zaune a bencin tasha, tabarau ɗaure da zare, ta kama wurin gefenta da littafin waƙoƙin coci. Wani ɗan dako ya zo zai zauna.

"Da mutum, ɗana."

"Wa, Mama?"

"Yesu. Tun rasuwar maigidana nake addu'a kamar ina magana da bango. Amma marigayin ma yakan yi sati bai ce uffan ba, kuma yana gidan."

Ɗan dakon ya share gumi. "To, roƙe shi ya ɗan matsa."

Ta janye littafin kaɗan, ya zauna. Ta harari wurin.

"Lallai ma, Ubangiji! Ni ina ta roƙo shiru, wannan daga zuwa ka amsa masa."