Kujerar Bayan da Na Liƙe

Shekara ashirin da wani abu na yi ina walda a garejin kamfaninmu na motocin haya a Jega, kuma har yau in na ga bas ɗinsu ta wuce sai raina ya ɓaci. Bakina ne ya saba da cewa kamfaninmu, ko noti ɗaya ba ni da shi a ciki.

Mai kamfanin, wani Alhaji, Allah ya jiƙansa, da mota ɗaya ya fara, tsohuwar bas da ba ta tashi sai an tura. Ita muke kira Lamba Ɗaya. Ta kwaso albasa daga Aliero, ta sauke a Jega, ta wuce Maiyama da mutane, ta dawo da gero. Lokacin da na kama aiki motocin biyar ne, kafin ya rasu sun kai goma sha biyu, duka 'yan Kwatano na hannu, kowace da irin tarin da take yi da safe.

Alhaji yana ɗingishi. Tun yana saurayi ya karye a cinya, aka kai shi wurin masu ɗori a Aliero a zaune bisa buhuna, ƙashin ya goce a hanya. Don haka ya kafa doka: kujerar baya ta kowace mota da noti huɗu za a ɗaure ta, ba da walda ba. In an tsayar da direba da mai karaya, sai ya ɗauko sifana ya kwance kujerar, a ɗaure ta a saman mota, a zuro marar lafiya ta ƙofar baya yana kwance. Fasinjojin baya su matsa gaba ko su jira wata motar, ba mai gunaguni. Duk motar da aka sayo, ni nake fara taɓa ta, in yanke ƙafafun kujerar in huda mata ramukan noti.

Da ya rasu, babban ɗansa ya karɓi ragama. Mutum ne mai ƙamshin turare, yana shiga gareji yana ɗage ƙafa kamar ƙasar za ta cije shi. Ya sayar da tsofaffin motocin, har Lamba Ɗaya ta tafi wurin 'yan gwangwan, ya sayo sababbi shida. Ya sa aka ƙara layin kujeru ɗaya a kowace, sannan ya kira ni ya ce in liƙe na baya da walda, wai direbobi suna ɓata lokaci a hanya. Na faɗa masa dalilin notin nan, na tuna masa ƙafar mahaifinsa. Ya ce shi motar haya ya gada, ba motar asibiti ba.

Na yi ta faɗa a bayan idonsa, wurin mai shayi ba abin da ban kira shi ba. Washegari kuwa na ɗauko abin waldata na liƙe su duka shida. Abin da ya fi ƙona mini rai, na yi aikin da kyau. Da na ɗan ɗiga wuta sama-sama, guduma ɗaya ta isa ta ɓalle kujerar, amma hannuna bai iya aikin banza ba.

Ana gab da damina ƙanena ya kira ni daga Gumbin Kure, ya ce Baba ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka, cinyarsa ta karye. Na hau babur na same su a bakin titi, sun kawo shi a amalanke, kwance bisa ƙyaure. Ranar kasuwar Jega ce, duk motar da ta wuce cike take da kaya har sama. Tamu ce kawai ta tsaya. Direban tsohon yaron Alhaji ne, ya diro da sifana a hannu kamar yadda ya saba, ya buɗe ƙofar baya, sannan ya tuna. Ya dube ni, ban iya dubansa ba.

Na kira ɗan Alhaji a waya, na roƙe shi ya bari a sauke fasinja a nemo mai yankan ƙarfe daga Maiyama. Ya ce Allah ya sawwaƙe, amma ba wanda zai taɓa masa mota. Wasu mata biyu ne suka tashi daga kujerar bayan direba, muka naɗe dattijon nan muka cusa shi ta ƙofar gefe. Bai yi ihu ba, hannun rigarsa ya ciza. Haka muka bi ta Jega har Aliero ina riƙe da ƙafar, duk ramin da muka faɗa ina jin ƙashin yana motsi a tafina.

Mai ɗorin ya shafa cinyar, ya ɗago kai.

"Wa yak kawo shi zamne?"

Na ce ni ne. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙafar ta warke a gajarce. Baba bai sake riƙe garma ba. Ni kuwa na bar garejin, ko sallama ban yi ba.

Ranar da aka sallame mu daga wurin mai ɗorin, motar kamfanin muka sake shiga, don ita ce ta cika da wuri. Aka ba mu kujerar baya. Ban taɓa faɗa wa Baba dalilin da ya sa aka zaunar da shi ranar nan ba, shi ma bai tambaya ba. Muna fita gari ya kama ƙarfen kujerar don ya gyara zama, ya jijjiga shi, ya sunkuya ya duba ɗinkin waldar. Sai ya taɓa mutumin da ke kusa da shi, fuskarsa cike da alfahari.

"Malam, duba wanga aiki. Ɗana yay yi shi. Ka gani, ko motsi bai yi."