Gautan Kyarkeci

Shekara arba'in Zulmira tana kiwon kaji a gindin tsaunin Canastra, jan kyarkecin nan mai dogayen ƙafafu bai taɓa ɗaukar mata ko ɗan tsako ba. Gautan daji yake ci a bayan shinge, ya wuce abinsa.

Bana mijinta Altamiro ya sare itatuwan gautan kaf, ya dasa kofi. Mako bai zagayo ba kaji uku suka ɓace. Zulmira ta kasa zama, daga akurki sai shinge, daga shinge sai akurki.

Altamiro ya ɗauko bindiga. "Yau ɓarawon nan zai gane kurensa."

Ta tare ƙofa. "Wane ɓarawon, tsoho? Wanda ya ɗauki kaji uku, ko wanda ya share masa gonarsa ɗungurungum?"