Laimar Kwaɗi a Farantin Malam

Ranar Talata ce, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, an idar da sallar la'asar. Mu uku ne a falon gidanmu na Unguwar Dosa: ni, da maigidana Malam a kan keken marasa lafiya, da yayarsa da ta zo dubiya daga Unguwar Shanu. Na ajiye masa faranti a gabansa, na ɗaura masa adiko a wuya kamar kullum.

Wajibi ne in fara bayyana abin da ke cikin farantin. Tun da ɓarin jikin Malam ya shanye, ga ciwon suga ga hawan jini, likita ya hana shi jan nama da gishiri da maiƙo. Mutum ne da ya yi shekarunsa na aikin gwamnati bai taɓa komowa gida ba tare da ƙunshin balangu ba. Da aka raba shi da nama sai ya rabu da abinci baki ɗaya. Faten wake ya kau da kai, dafaffen kabeji ya ce shi ba zomo ba ne. Agogonsa da ke kama masa hannu ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. Likita ya faɗa mini a fili cewa idan bai ci ba, magani ba zai riƙe shi ba.

A cikin wannan hali na tuna wani darasi na makarantar mishan. Wata Sista Baturiya ta koya mana girkin laimar kwaɗi mai cushe, muka yi shi don jarrabawa kawai, babu yarinyar da ta yarda ta ɗanɗana. Ni ce na zo ta ɗaya, ni ma ban ɗanɗana ba. Na koyar da girki tsawon rayuwata ban sake waiwayarsa ba, sai da na ga irin wadda ake nomawa a cikin firjin wani kanti a Doka, fara tas, a rufe da leda.

Amfaninta ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya karanta. Ba ta da kitse, sitacinta kaɗan ne, saboda haka ba ta tayar da suga. Tana da bitamin da ma'adinai, kuma a baki tana taunuwa kamar nama. Sai dai sinadarin gina jikinta bai kai na nama ba, kuma lafiyar girkin tana ga abin da aka cusa mata. Turawa suna cika ta da cuku da bota da garin burodi, wanda ga mai hawan jini gyara ne da ɓarna a faranti ɗaya. Ni nakan cire ƙafarta, in goge ta da ɗanyen tsumma, domin wanki yana sa ta sha ruwa ta yi lagwas. In yanka ƙafar ƙanana, in haɗa da alayyafo da albasa da tafarnuwa da tsokar kifi, in sa daddawa da citta su tsaya a madadin gishiri. In cusa haɗin a cikin laimar, in gasa har ta nuna sosai, domin ba a cin ta ɗanya-ɗanya.

Ranar farko na gaya masa sunanta, don ban saba ciyar da mutum abin da bai sani ba. Ya dube ni da gefen fuskarsa mai motsi, ya ce, "Malama, yanzu har na kai matsayin kwaɗo?" Ya ci ɗaya, ya nemi ƙari. Cikin 'yan makonni kumatunsa suka fara dawowa.

To, ranar Talatar nan Yaya ta leƙa farantin.

"Ƙoda ce wannan? Ba an hana shi nama ba?"

"Ba ƙoda ba ce, Yaya. Laimar kwaɗi ce."

Ta ajiye carbinta. "Ta me?"

"Ta kwaɗi, Yaya," in ji Malam, yana dariya. "Har da kifi a ciki. Bismillah."

"Rufe mini baki, Auta! Abin da ke tsirowa a juji, wanda akuya ma ke tsallakewa? Ke 'yar mishan, bokon naki ne ya kai ki ga ciyar da ƙanena kazanta?"

Na yi mata bayani a tsanake, cewa wannan nomata ake yi a ɗaki mai tsabta, ba ta juji ba ce. Ta ce tana yarinya a ƙauyensu ta ga an binne yara biyu 'yan gida ɗaya da suka tsinko ta suka ci. Ban musa mata ba, domin gaskiya ta faɗa: ta daji akwai mai kisa, kuma ido ba ya rabe ta da mai kyau. Amma ba ta saurari sauran maganar ba. Ta juya ga Malam, wanda ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta ce, "In ka ƙara sa wannan abu a bakinka, ban yafe ba."

Malam ya daina dariya. Ya sa hannunsa mai lafiya ya ture farantin a hankali.

Bayan ta tafi na roƙe shi. Na kawo hujjar likita, na kawo ta littafi. Ya ce, "Malama, duk na yarda. Amma ina bakin kabari, ba zan tafi da kalmar Yaya a kaina ba." Na dafa masa duk abin da na sani, yakan karɓi cokali ɗaya don kada in ji kunya. Agogon ya koma zamewa, har na cire shi na ajiye.

Da na ga makonni sun shuɗe a haka, sai ran wata Litinin na gasa sabuwa, na sa a kwano, na hau Keke Napep zuwa Unguwar Shanu. Keken ba ya shiga lungunsu, na ƙarasa a ƙafa ina tsallake kwata. Na durƙusa a gabanta da gwiwoyin da ko a sallah ba sa lanƙwasuwa sai na zauna a kujera. Na buɗe kwanon, na ci a gabanta, a tsakar gida, jikokinta na kallo, ni da ban taɓa cin abinci ba sai a kan tebur.

"Yaya, ba gardama na zo yi ba. Kalmarki na zo roƙo ki janye. Ba ya cin komai."

Ta ce, "Tashi, kada ki karye mini a gida. Ki je. In kin kwana kin tashi lafiya, in kin kai Juma'a, zan zo."

Jira take ta ga ko zan mutu. Ban ji haushinta ba, domin iyakar abin da ta sani ke nan, kuma ƙanenta take karewa.

Ranar Juma'a ta zo bayan an sauko daga masallaci. Ta same ni a raye, ta same shi a kwance. Ta ce in kawo farantin. Ta ɗauki ɗaya, ta yi bisimilla, ta runtse ido ta tauna.

"Ashe daddawa kika sa," ta ce. "Gishiri ne dai babu."

Ta zauna a bakin gadon, ta gutsuro kaɗan da yatsunta, ta kai bakinsa. "Auta, na yafe. Na yafe duniya da lahira. Ci."

Ya ji ta, domin ya buɗe ido, ya kuma buɗe baki. Amma tun daren Laraba maƙogwaronsa ya daina haɗiya, ruwa ma da auduga nake ɗiga masa. Loma ta tsaya a kan harshensa, na sa adiko na cire. Yaya ta riƙe sauran a tafin hannunta har aka kira la'asar.

Malam ya rasu ranar Asabar da hantsi, bai ci ba.