Wayar da Laminu Tela Ya Gyara Mani

Duk sa'ad da na ga ɗayanku, ku masu koyon gyara, ya soka kile, ɗan ma'ajin nan na USB, a ordinata, wato kwamfuta, ya kwashe hotuna kafin ya gama hamma, sai ranar nan ta garin Gazawa ta faɗo mani. Ba na jin zan taɓa mantawa da ita. A lokacin ina mai gyara a atiliyen Alhaji Sani, shagon gyaran na'urori a garin Agiye. Shi ke karɓar aiki ya yi ciniki, ni ke fita da jaka in yi.

Wata damina ce, sallar layya ta matso. Wani tela daga Gazawa mai suna Laminu ya sauko daga kabu-kabu, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya fara bayani. Mahaifinsa, Baba Idi, ya daɗe shi ke ɗinka wa limamin unguwarsu babbar rigar da yake hawa idi da ita, da hannu, aska takwas. A bana idon tsohon ya tafi gaba ɗaya, amma ya riga ya ce wa Liman rigarsa tana nan tafe. Tun da ya gane ba zai iya ba ya daina fitowa ƙofar gida, abinci ma sai an yi ta lallashi.

Laminu yana da injin ɗinkin kwalliya da ya saya na hannu, wanda wata tsohuwar ordinata ke sarrafawa. Ya ɗauki hoton tsohuwar rigar Liman, wani a Maraɗi ya mayar masa da zanen ya zama fayil ɗin da injin ke ganewa, ya turo masa ta waya. Ga zane a hannu, ga inji, amma babu hanyar shigar da shi. Na'urar ba ta san kile ba, gidan disket ɗinta kuma, inda ake saka mata faifai, ya mutu.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Habu, za ka iya?"

Na ce, "Alhaji, in tana da ƙofar siriyal, ni da ita ne yau."

Wallahi murna nake, don tun ina koyon aiki nake jin labarin hanyar nan a bakin manya, ban taɓa samun inda zan gwada ta ba.

Da muka isa shagon Laminu a Gazawa na leƙa bayan na'urar, sai da na yi tsalle. Ƙofa biyu, kowace da ƙananan allurai tara. Ɗaya ta tafi ga injin, ɗayar tana zaune banza tana jirana. Na kunna ta, ta yi gurnani ta buɗe ekran, wato allonta, baƙi mai farin rubutu, na duba na tarar da ɗan shirin karɓar saƙo a cikinta. Laminu ya ce in rantse ba zan kwance ta ba, don in ta mutu injin ma ya mutu. Na ce ko kusa ɗaya ba zan taɓa ba.

Bari in yi wa waɗanda ba su san aikin ba bayani. Siriyal hanya ce da na'ura biyu ke zance ta waya, harafi na bin harafi, a hankali. Cikin alluran nan tara, uku ne abin bukatata: na biyu kunne ne, na uku baki, na biyar ƙasa. In ka haɗa waya kai-tsaye, baki ya fuskanci baki, kunne ya fuskanci kunne, kowa na magana ba mai ji. Dole a gicciya su, bakin wannan ya tafi kunnen waccan. Ba ni da irin wannan waya, don haka na yanke biyu da na zo da su, na murɗa ja da fari, fari da ja, baƙi da baƙi. Ban tsaya yin dalma ba, na bar gaɓar tsirara, gashin waya ko'ina. Tawa na'urar ta hannu, wadda na kwafe zanen a ciki daga wayar Laminu, ba ta da ƙofar, sai na sa mata ɗan mahaɗi ta ramin kile. Na daidaita saurin zancen su biyun a kan dubu tara da ɗari shida, don in ɗaya ta fi ɗaya sauri shirme kawai za ka gani.

Sannan na rubuta "salamu alaikum" a tawa. Jama'a! Sai ga haruffan suna fitowa ɗaya-ɗaya a baƙin ekran ɗin can! Na buga tebur na yi kabbara. Telolin shagon suka bar kekunansu suka taru, Laminu yana ta cewa, "Kai, Malam Habu! Ta amsa?" Na ce ai yanzu sai ɗinki. Daidai nan aka kira azahar. Na ce a bari mu yi salla in sa wani abu a cikina, kada mu fara aikin Liman muna gaggawa.

Da na dawo na aika fayil ɗin. Shiru. Na sake, shiru. Na rubuta sallama, ko alif bai fito ba. Na duba saurin, daidai yake. Na kashe na kunna, na zare mahaɗin na mayar, na canja rami. Gumi ya jiƙe mani riga. Abin da ke ƙona mani rai shi ne Laminu ya riga ya aika gida an gaya wa tsohon abu ya yi, har an kamo hannunsa an kawo shi. Ga shi zaune kan tabarma a bakin shago, ya jingina da bango, yana tambaya, "An fara?"

Laminu yana ce masa, "Yanzun nan, Baba," yana kallona kamar ni na ɓoye ɗinkin a aljihu.

Na ce to bari in bi wayar da hannu daga farko har ƙarshe. Ina isa tsakiya na tsaya. Gaɓar nan tawa mai gashi babu ita. An naɗe wurin da koren zaren kwalliya, lafiyayyen naɗi, har da ɗan ƙulli a ƙarshe.

Na ce, "Laminu, wa ya taɓa nan?"

Ya yi murmushi, yana jiran godiya. "Ni ne. Na ga garin sauri ka harɗe su, ja ya hau fari. Sai na mayar maka kowane da ɗan'uwanshi, ja da ja, fari da fari. Ni zare ba ya kwana a harɗe a shagona."

Na buɗe baki in yi faɗa, dariya ta riga fita. Na yi dariya har na zauna ƙasa. Mutumin da ya tashi tun yana ƙarami ana dukan hannunsa in zare ya hau zare, me kuke so ya yi da ya ga aikina? Na ce masa, "Malam Laminu, ka haɗa mani baki da baki! Kawo almakashi."

Ya warware naɗinsa da kansa, kunya ta ishe shi. Na sake gicciya su, wannan karon ina nuna masa dalili, na ɗiga dalma. Na rubuta sallama, ta fito. Na sa tsohuwar ordinatar a kan karɓa, na saki fayil ɗin daga tawa.

Ku da kuka saba da kile ba za ku gane daɗin nan ba. Lambobi suka fara hawa a ekran, a hankali, kamar amalanken jaki cikin yashi. Hadari ya haɗo ta gabas, kowa ya san da iska ta taso za a iya ɗauke wuta. Laminu ya hana kowa motsi, ya tsaya kan wayar ya ware hannuwa kada wani ya yi tuntuɓe da ita. Ni kuwa ina karanta lambobin da ƙarfi, teloli na amsawa da "Allah ya kai mu!" Da na'urar ta yi ƙara ta ce ta gama karɓa, ihun da muka yi har mai shayin tsallaken hanya ya rugo ya ga ko lafiya.

Laminu ya ɗaura ƙyallen gwaji, ya buɗe zanen, ya yi bisimilla ya danna. Allura ta hau aiki, tat-tat-tat, askar farko ta fara fitowa. Ruwa ya sauko, wuta ba ta ko ƙifta ba. Da ya gama ya cire ƙyallen ya durƙusa ya sa wa mahaifinsa a cinya.

Tsohon ya bi ɗinkin da yatsa, aska bayan aska. Da ya kai ta ƙarshe yatsansa ya tsaya. Ashe akwai wata 'yar lanƙwasa da yake yi a wutsiyarta, wadda ba wani maɗinki da ke yin ta, hoton kuma ya ɗauko ta. Ya shafa wurin, ya sake shafawa.

Ya ce, "Wanga ai hannuna ne. Wa ya koya ma ƙarfe?"

Laminu hawaye kawai yake sharewa da hula. Ni ma sai na duƙa ina tattara kayan da na riga na tattara.

Tsohon ya ce, "Ɗinkin ya ɗan yi tauri, ka sassauta zaren ƙasa. Ka aika a gaya ma Liman rigarshi na nan tafe. Kuma a kawo mani fura, yunwa nike ji."

Abin da na ɗauko daga Gazawa shi nake gaya maku kullum. Mai kaya ba ya taɓa aikinka don mugunta, yana taɓawa ne da irin ilimin da sana'arsa ta ba shi. In ka bar abu a karkace da gangan, ka faɗa masa dalili kafin ka juya baya. Wayar nan tana cikin jakata har yau, ku buɗe ku gani. Kafin in taho Laminu ya sake naɗe gaɓar da koren zarensa, wannan karon ja a kan fari. Yana naɗi yana kau da kai, wai idonsa ba ya iya kallon abin.