Gatarin Aradun Gindin Randata

Ranar wata Laraba a farkon damina, ina 'yar shekara tara, na kai wa Baba fura gonarmu ta bayan duwatsun Wurno. An kwana ana ruwa da tsawa, ƙasa ta yi laushi. Ina zaune a gindin ɗorawa ina jiran ƙwarya, sai fartanyar Sale, ɗan maƙwabcinmu, ta daki wani abu. Ya tono baƙin dutse mai santsi, bakinsa kamar na gatari, ya goge shi da rigarsa ya miƙo mini. Da Inna ta gani ta ce, "Gatarin aradu ne. Ajiye shi gindin randa, tsawa ba ta faɗa wa gidan da yake." Da shi nake fasa ƙwallon aduwa in mun dawo daga itace, da shi nake niƙa wa ƙawayena tozali ranar sallah. Da muka girma Salen nan ne ya aure ni, aka kai ni ɗakinsa da dutsen a cikin kwanukana.

Bara Malam Sale ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ke mai rubuta mini, rabu da hawayen, ci gaba. Ina cikin takaba wasu mutane suka zo da mota daga jami'a, masu tonon kayan mutanen da, wai an ba su labarin dutsen. Mai takaba ba ta fita zaure wurin baƙin maza. Ɗana Habu, da kunyar baƙo ta fi masa uwarsa, ya ɗauka ya kai musu, ina jin su ta bayan danga. Wani ya ce ba aradu ba ce, mutanen farko ne suka wasa shi don saran itace. To, sannunku da ilimi! Ƙarti da gemunsu, na leƙa na gan su suna goge dutse da burushin haƙori, suka rubuta masa lamba kamar buhun taki. Sun tambayi gonar, sun tambayi zurfin ramin. Ba wanda ya tambayi wa ya tono shi, wa ya miƙa wa. Suka ce za su dawo da shi. Ga damina ta sake zagayowa.

Habu ya ce yana cikin akwatin gilashi a birni, mutane na kallo. Su yi ta kallo, dutse kawai za su gani. Ni ba tsawa nake tsoro ba yanzu. Kullum in na sunkuya ɗiban ruwa, hannuna yakan kai gindin randa da kansa, sai in taɓa ɗan gurbin da ya bari a ƙasa mai sanyi.