Aljihun da Na Ɗinka wa Majid

Ranar Talata ce. Na fito daga sallar asuba na biya na sayo burodin tamis guda biyu da ful, wato dafaffen wake, kamar kullum. Gidanmu yana can saman dutse a Tandabawi, cikin Makka. Matakala ce tun daga titi har ƙofa, mota ba ta hawa. Yayana Habu ne ya gina shi da hannunsa, ɗaki uku da 'yar tsakar gida. Ni Sani sunana, tela ne. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin bakin ƙofa da keken ɗinkina. Yaya kuwa tsire yake gasawa bayan la'asar, Larabawa suna layi a kansa suna kiran tsiren siriya.

Ƙarfe bakwai Yaya yana tsugune yana yanka nama a faranti. Na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a bokiti. Zahra'u, 'yarsa tilo, tana daka ƙuliƙuli da jaririyarta a goye. Kwananta goma sha biyu ke nan a gida. Ta zo mana da kumburarren ido, da haƙorinta guda a ƙulle a gefen mayafi. Mijinta ne ya yi mata wannan aika-aika.

Majid sunansa. Kakansa Bakatsine ne da ya zo hajji a ƙafa, amma shi a nan aka haife shi, yana da takardar ɗan ƙasa, kuma da ita yake taka mu. Hausa a bakinsa sai ka ce dole aka yi masa. In ransa ya ɓaci sai ya tuna mini cewa iƙamata, takardar izinin zamana, ta mutu, waya ɗaya zai buga a kwashe ni. Wallahi ban taɓa son mutumin nan ba, tun ranar ɗaurin aure.

Kwana huɗu kafin Talatar ya hauro da farar jallabiya a leda. Bai leƙa cikin gida ba, ɗakina ya shigo. Ya ce aljihun dama ya yi wa sabuwar wayarsa kaɗan. A ƙara masa zurfi, a buɗe bakin, a sa yadi mai kauri daga ciki. Na farke na gyara, ya sa rigar. Ya dunƙule hannu ya zura, ya janyo, hannun ya maƙale a baki. Na ƙara faɗin yatsa biyu. Ya sake gwadawa. Sau uku muna haka, har hannun ya riƙa fita ba ya taɓa komai. Ni kuwa wawa har murna nake yi, wai kafar sulhu yake nema. Na ninka masa ɗinkin, na yi masa kyauta. Shekara talatin da ɗaya ina ɗinka aljihu, ban tambayi kaina wane ne yake ciro waya da dunƙulallen hannu ba.

Washegari ya aiko cewa zai zo biko ranar Talata da hantsi. A wurinmu biko da manya ake zuwa, su ba da haƙuri, a yi wa miji faɗa, in an daidaita mace ta koma ɗakinta. Da safen Talatar Yaya ya ɗan bar naman ya shimfiɗa darduma a tsakar gida. Ya dafa shayi, ya zuba dabino, sannan ya koma kan namansa.

Goma da minti ashirin na ji takun ƙafa a matakala. Mutum ɗaya. Babu babba ko guda a bayansa. Bai yi sallama ba. Bai cire takalmi ba. Ya tako dardumar ya tsaya, hannunsa na dama a cikin aljihu. Ina bakin ƙofar ɗakina, idona ya faɗa kan aikina. Aljihun ya kwanta luf, wani abu mai kusurwa huɗu a ciki kamar walat. Har na ce a raina ɗinki ya yi kyau.

Da Larabci ya tambaya ina Zahra'u. Tana kicin a lokacin.

Yaya mutum ne da za ka ci masa nama ka tafi ya yafe, amma ba ya shanye rashin kunya. Suruki a wurinmu daga nesa yake tsugunawa, kansa a ƙasa. Yaya ya ajiye wuƙar a faranti. Ya goge hannunsa, ya miƙe.

"Cire takalminka."

Majid bai motsa ba.

"Ciro hannunka daga aljihu! Da ni kake magana!"

Sau biyu ya faɗa. Da ya yi shiru ya bar shi a tsaye, wa ya sani. Amma Habu ba zai iya kallon suruki da hannu a aljihu ba. Ya ƙara taku ɗaya, ya faɗa karo na uku.

Majid ya ciro. Gwiwar hannunsa ta ɗan ja baya, hannun ya fito sumul, bai maƙale ba ko kaɗan. Abin mai kusurwa huɗu ya tsaya a aljihu, ashe kube ne na fata. Bindiga ce a hannunsa, ƙarama, baƙa, ba ta kai almakashina tsawo ba. Ƙarar kamar an buga ƙofar ƙarfe da ƙarfi. Sau biyu. Butar shayi ta kife. Tattabaru suka tashi daga rufin maƙwabta. Kunnena ya toshe, amma ina jin ruwa yana ɗiga a bokiti.

Yaya bai faɗi ta baya ba. Gaba ya faɗo, ya rungume ƙafafun Majid, ya damƙe rigar da hannu biyu.

"Sani! Fitar da ita!"

Shi ke nan abin da ya ce mini.

Na faɗa kicin. Zahra'u ta daskare da taɓarya a hannu. Na fizge taɓaryar na tura ta kan tsanin da muke hawa duba tankin ruwa. Muna kan rufi na ji harbi na uku. Bayansa sai muryar Majid yana kiran sunanta, yana zagi. Ta juya za ta sauka.

"Baffa, Babana!"

"Wuce!"

Na riƙe wuyan hannunta har sai da ya yi shaida. Ba takalmi a ƙafarmu, siminti ya riga ya ɗauki rana. Na kwance jaririyar na rungume, muka tsallaka katanga zuwa rufin maƙwabtanmu 'yan ƙasar Barma. Muka sauka ta tsakar gidansu. Matar gidan ta kurma ihu. Ba mu tsaya bayani ba.

Daga nan sai lungu. Rabin unguwar an shafa mata jan fenti na rusau, wasu gidajen an riga an fasa su. Muka bi ta cikin kangon, kwalba da ƙusa suna shiga ƙafa. Na buga ƙofa uku, duk na Hausawa, duk mutanen da suka ci tsiren Yaya shekara da shekaru. Biyu ba su amsa ba. Na ukun ya buɗe, ya dubi jinin da ke ƙafata, ya mayar ya danna sakata. Na san tsoronsu, irin nawa ne, ba mai son 'yan sanda a ƙofarsa. Na sani sarai. Amma har yau ban yafe ba.

Sha ɗaya saura minti goma muka faɗo titin da ke gangarawa Jarwal. Jiniya ta ko'ina. Motocin 'yan sanda biyu suka wuce mu a guje. Wanda yake da takarda zai ɗaga musu hannu. Ni bayan wata motar shara na ja Zahra'u muka laɓe. Nata takardun suna gidan Majid, kuma ban san ko yana biye da mu ba.

Aka kira azahar muna bayan wani otal, inda motocin alhazai ke tsayawa. Masu umara suna wucewa da fararen harami suna talbiya, ba wanda ya dube mu. Jaririya ta yi kuka har muryarta ta dushe. A nan Illiya ya gan mu, wani Badamagare mai tuƙa tankar ruwa, tsohon mai kawo mini ɗinki. Bai tambaye ni komai ba. Ya buɗe ƙofar mota ya ce mu shiga mu sunkuya.

Mina ya kai mu. In ba lokacin hajji ba, ba kowa a can sai tantuna a jere da iska. Ɗan garinsu ne ke gadin wani sito, shi ya ba mu wuri a bayan tarin katifu. Zahra'u ta zauna ta ciccire mini kwalba daga ƙafa da tsinke. 

Bayan la'asar wayar Illiya ta yi ƙara. Yaya ya cika a kan matakala. Motar asibiti ba ta iya hawa ba, a cikin dardumar baƙi aka naɗo shi ana saukowa. Harbi na ukun ma shi aka yi wa, don ya saki rigar, kuma bai sake ta ba sai da ta yage. Majid ya hau rufi ya tarar mun yi nisa. Ya yi ta yawo lungu-lungu yana neman ta, har aka kama shi a gindin dutse.

Ranar Laraba labari ya zo cewa la'anannen ya ce kare kansa ya yi, wai Yaya ne ya taso masa da wuƙar nama. Ba wanda ya ga wuƙar nan a kwance a faranti sai ni. Na san abin da ke jiran mai matacciyar iƙama in ya kai kansa. Ranar Alhamis da safe na ari takalmin mai gadi na tafi ofishin 'yan sanda.

Jami'in ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya fito da jallabiyar daga leda ya shimfiɗa a tebur. Ta yage daga ƙasa har gwiwa, shatin yatsun Yaya na jini a jiki. Aljihun kuwa ko zare ɗaya bai saki ba, kuben yana zaune a ciki. Ya tambaye ni aikin wane ne. Na ce nawa ne.

Daga can gidan tarhil aka wuce da ni, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ina ciki aka yi wa Yaya salla a Harami. Illiya ne ya shiga rami ya karɓe shi.

Yanzu ina Kano, a Fagge, a kan keken aro. Majid yana tsare, an karɓi shaidata. Zahra'u tana nan da ranta a gidan wata gwaggonta a Makka, 'yar har ta fara tafiya. In mutum ya shigo shagona da hannu a aljihu, ba na ce masa ya ciro. Sunkuyawa nake yi kan ɗinkina har ya gama magana.

Gidan an rushe shi, kekena yana ƙarƙashi. Kabarin Yaya ba alama, kamar na kowa a can, kuma ba zan sake taka garin ba balle in nema. Mu biyu mahaifiyarmu ta haifa. Tamis ɗin da na sayo da safen nan, ɗaya muka ci. Ɗayan Yaya ya ce a ajiye wa baƙi.